Kantar Hannun Haulatu

Haulatu ta sha hawa sandar da ta fi katangar gidansu tsawo, ta sake ta, ta wuntsila a iska, ta sake cafke ta, gabanta bai ko faɗi ba. Amma yau tasar ruwan ɗumi kawai aka ajiye a gabanta, ga ta nan ta kasa miƙa hannu.

"Tsoma hannun mana," in ji Hajiya Kubura. "Na daman za ki fara sawa."

Duk wanda bai san Hajiya Kubura ba a Daura, to baƙo ne. Amaryar da ka ga ta fito tana sheƙi, daga bayan Kusugu har Zango da Mai'adua, bincika ka ji, daga ɗakinta ta fito. Dilka, halawa, lalle, turaren jiki, ita ce uwar sana'ar. Sai dai ta daɗe da daina taɓa kowa da hannunta. Yaranta ke aikin, ita tana kan kujera tana ba da umarni.

Ita ce kuma mahaifiyar Mahdi.

Mahdi mai walda ne. Shi ya haɗa ƙarafan da ke riƙe da sandunan atisayen Haulatu, dogo da gajere, a tsohon siton gyaɗar marigayi mahaifinta da ke hanyar Zango, don ta samu wurin motsa jiki duk lokacin da ta dawo gida daga sansanin 'yan wasa. Daga awon ƙarfe aka zarce zuwa zancen aure. Hajiya ta ce sam, ɗanta ba zai auri mai alkafura a talabijin ba. Aka nuna mata hoto, aka ce ga shi kayan da yarinyar ke sawa a filin gasa sun rufe ta daga wuya har idon sawu. Ta ce ko buhu ta saka. Ga Fadila 'yar ƙaninta da ta raina a ɗakinta, me za a je nema a waje?

An daɗe ana wannan ja-in-ja. Sai yau kwatsam ga aike, wai Hajiya na son ganin yarinyar.

Gaisuwar ma ba a ƙarasa ba Fadila ta matso, muryarta kamar zuma.

"Gwaggo, ki dai taɓa tafin hannunta ki ji."

Hajiya ta kama hannun ta juya shi. Ta shafa gindin yatsun, inda kanta ta yi kauri ta yi tauri kamar bayan ƙwarya. Ta daɗe tana kallo.

"Innalillahi. Hannun 'ya mace ke nan? Shi za ki miƙa wa dangina ranar gaisuwa, su ce yaron nan ya kwaso mana mai fasa dutse?" Ta girgiza kai. "Fadila, ɗora min ruwa. Ki kawo lemon tsami da kanwa da dutsen kaushi. Da sabuwar reza. Da kaina zan yi."

Yaran ɗakin suka kalli juna. Da kanta?

To ku da ba ku san wasan nan ba, bari in faɗa muku abin da Hajiya ba ta sani ba. Kantar nan ba ƙazanta ba ce. Ita ke tsakanin naman Haulatu da sandar da take lilo a kai da dukkan nauyin jikinta. Tun tana ƙaramar yarinya a makarantar kwana take tara ta, fata ta tsage ta warke, ta tsage ta warke, har ta zama garkuwa. 'Yar fatar da suke ɗaurawa a hannu tsakiyar tafi kawai take rufewa, sauran aikin na kanta ne. Ga shi saura 'yan kwanaki a yi gasar tantancewa a Abuja, inda za a zaɓi masu wakiltar ƙasa a gasar Afirka. Wancan karon targaɗe ya hana ta. Shekarunta kuma sun kai inda 'yan wasan nan ke fara sallama, ba ta da wani karon.

Fadila ta san duk wannan. Haulatu da bakinta ta yi mata bayani, ranar da Fadilar ta kai wa Mahdi saƙo sito ta tsaya tana tambaye-tambaye.

Amma yarinyar da ke neman shiga gida ba ta buɗe baki a gaban uwar miji. Gaisuwa ma a ciki-ciki ake yin ta, ido a ƙasa. Balle a ce uwar mijin ta sauko daga kujerarta, ta naɗe hannun riga, ta ce za ta yi miki abin da ba ta yi wa 'ya'yan masu kuɗi ba, ke kuma ki ce mata dakata. Da wane bakin?

Haulatu ta tsoma hannun.

Da fatar ta jiƙu ta yi fari, Hajiya ta ɗora hannun a cinyarta ta fara gurzawa. Inda dutse ya kasa, ta sa reza a hankali, irin ta gwanaye, ko ɗigon jini babu. Haulatu na kallon fatar na zuba a kan tsumma kamar ɓawon rogo. Kowane sili da ya faɗi ta san shekarar da ta same shi. Hawaye suka ɓalle mata.

Hajiya ta ɗago ta dube ta, fuskarta ta yi laushi.

"Maraici ne, na sani. Da uwarki na raye ba za ta bari hannunki ya kai haka ba. Daina kuka, yarinya. Kin samu uwa."

Wannan kalmar ta fi rezar yanka. Haulatu ta ƙara sunkuyar da kai, kukan ya ci ƙarfinta, Hajiya kuwa ta ɗauka na godiya ne.

Ana gama na daman sai ga mota cike da mata daga Mai'adua, sun kawo amarya. Hajiya ta shafe tafin da man kaɗanya, ta naɗe shi da ƙyalle mai laushi.

"Gobe da hantsi ki dawo a yi na hagun. Kada ki bari in aika."

* * *

Iya, kakar da ta raine ta, tana bakin murhu tana jiran labari. Tana ganin hannu a naɗe ta ajiye muciya.

"Da kanta ta yi miki? Kubura da kanta?" Ta ɗaga hannuwa sama. "Allah na gode maka. Yau zan yi barci da minshari."

"Iya, ta kashe ni."

Haulatu ta warware ƙyallen. Tafin ya yi ja, ya yi santsi kamar na jariri. Iya ta shafa tana murmushi.

"Tubarkalla. Ashe haka hannunki yake da kyau."

"Iya, da wannan hannun ba zan iya riƙe sanda ba. Lilo ɗaya zai tsage. In ya tsage ina sama, ƙasa zan yo, kuma ba a zaɓar ta inda za a faɗo. Na ga wadda ta faɗo a kan wuyanta, Iya. Har yau a keke ake tura ta."

Murmushin Iya ya ɗauke. Ta zauna a kan turmi.

"To ba sai ki haƙura da wannan zuwan ba? Ki bari ya warke, ki je na gaba."

"Babu na gaba. Kuma kanta ba ta dawowa a mako ko a wata. Gobe in ta kankare na hagun, shi ke nan, na gama. Duk wahalar da na sha, duk azumin da na yi ina atisaye, duk zagin da kika sha a unguwar nan saboda ni, ya tafi a tsumma."

"Kada ki koma mana."

Iya ce ta faɗa, ita ce kuma ta kama baki tun kafin maganar ta gama fita.

"A'a, a'a. Ban faɗa ba. Rashin komawa ai zagi ne. Matar da ta ce kin samu uwa? Gobe gari zai ɗauka kin raina aikinta. Wallahi ko Mahdi zai mutu ba za ta sake sauraron zancenki ba." Ta share ido da bakin zane. "Haule, ni na tsufa. Ina so in ga ɗakinki kafin in rufe ido. Sanda ba ta jinya, ba ta zaman makoki. Yaron nan yana ƙaunarki tsakani da Allah."

"Ni ma ina ƙaunarsa, Iya. Shi ya sa na yi shiru aka yanka ni."

"To ki ƙara yin shirun gobe."

"In na yi, wace ce zai aura? Wadda ya gani a kan sanda ya ce yana so, ai ba ita za a kai masa ba."

Tuwon ya kama a tukunya, babu wadda ta tashi ta duba shi.

* * *

Bayan la'asar Mahdi ya zo, ko kayan aiki bai canza ba, bakinsa har kunne. Ya tsaya a zaure inda ya saba tsayawa.

"Albishirinki. Fadila ta ce Hajiya ta ce in sanar da kawunnaina su shirya. Da zarar ta gama gyara ki, za su zo neman aure. Haulatu, kin ji kuwa? Ta sauko."

Ta fito da hannun daga cikin hijabi ta buɗe masa.

Mahdi ya san hannun nan. Shi ke tsayawa gefe yana kallon yadda take murza shi da farar hoda kafin ta hau. Ya sha yi mata tsiya cewa nata ya fi nasa kaushi, shi da ke wasa da ƙarfe. Yanzu ya kalli jan tafin, murnar ta zube daga fuskarsa.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Gyaran ke nan."

"Gyaran jiki aka ce min. Na ɗauka su dilka ne da turare." Ya dafa bango. "Kuma kika tsaya?"

"Me zan ce mata? Ka faɗa min kalmar da zan yi amfani da ita."

"Na hagun fa?"

"Gobe da hantsi."

Ya fara kai-kawo a cikin zauren kamar wanda aka ɗaure wa wuta a ƙafa.

"Zan je in same ta. Yanzu ma kuwa."

"Ka same ta ka ce me? Yaushe rabon da ku yi magana mai tsawo da ita?"

Nan ya tsaya cak, domin gaskiya ta faɗa. Mahdi ɗan fari ne, Hajiya kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da haƙori. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "yaron nan" take cewa. In ya shiga gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa a taƙaice. Zancen aure kuwa, Allah ya kiyaye ta yi shi da shi ido da ido. Duk abin da zai faɗa mata, duk abin da za ta faɗa masa, ta bakin mutum ɗaya yake bi.

"Fadila," ya faɗa a hankali.

"Ita ta ce a taɓa hannuna. Kuma ta san amfaninsa, ni na gaya mata." Haulatu ta mayar da hannun cikin hijabi. "Ka ga dabarar? In na koma gobe, na rasa wasana. In ban koma ba, na rasa ka. Ko ta ina ita ta ci. In kuma ka aika ta da bayani, kafin ya isa kunnen Hajiya ya zama na kai ƙararta wurin ɗanta."

"Zan tura Kawu Maharazu."

"Yana kasuwar Mai'adua, sai jibi. Kai ka faɗa min."

Mahdi ya zauna a dakali ya riƙe kai.

"Ni na ja miki. Ni na dage sai ta gan ki."

"Ba laifinka ba ne. Ba ma laifinta ba ne, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da mugunta ta yi da na samu wanda zan ƙi. Mahdi, cewa ta yi na samu uwa. Rabona da uwa tun ina goye." Ta goge fuska da bayan hannun hagu. "Tsoro nake ji. Ina tsoron sandar, ina tsoron Hajiya, ina tsoron in zaɓi ɗaya in wayi gari ina jin haushinka har ƙarshen rayuwata."

"Ni dai ba zan ce ki bar wasanki saboda ni ba."

"Kuma ba za ka ce in bar ka ba."

"Ba zan iya ba."

Can ta ce, "Ka buɗe min siton gobe da sassafe. Wataƙila ina tsorata kaina ne a banza. Wataƙila hannun zai riƙe."

Ya san ba zai riƙe ba. Ita ma ta sani. Amma ya ce to.

* * *

Rana ba ta gama fitowa ba suka isa, Iya na biye da su da carbi a hannu, don ba ta barin su su kaɗai a siton. Warin tsohuwar gyaɗa bai bar wurin ba har yau. Mahdi ya jawo katifun ya ƙara su a ƙarƙashin doguwar sandar, har da wadda yake kwana a kai a shago.

Haulatu ta wanke man kaɗanyar da sabulu har sau ba adadi. Ta ɗaura fatar hannu, ta zuba hoda. Hodar ta ƙi zama a tafin dama, sai zamewa take.

Ta tsaya a gaban gajeren sandar. Wurin da ta fi sani a duniya, yau ya zame mata baƙo.

"Haule, a bar shi mana," in ji Iya.

Ta yi bisimilla ta kama.

Hawan farko lafiya. Ta miƙe a kan hannuwanta, ƙafafu a sama, ta tsallaka zuwa doguwar. Ta zagaya sau ɗaya, tafin ya ɗauki zafi kamar ta dafa murfin tukunya. Ta cije ta sake zagayawa, tana tara ƙarfin da za ta saki sandar ta juya ta cafke. Wannan juyin shi ne abin da babu wadda ta kai ta a sansani, shi take sa ran zai kai ta gasar Afirka.

Ta saki. Ta juya. Ta miƙa hannu ta cafke.

Ta ji fatar ta tafi tun kafin zafin ya iso. Hannun dama ya zame kamar an shafa wa sandar kuɓewa. Na hagu ya riƙe, shi kaɗai, jikinta ya karkace ya yi lilo a kansa, kafaɗarta ta yi ƙara, sannan ta faɗo a kan katifa ta gefe, kanta ya wuce ƙafar ƙarfen da abin da bai fi faɗin tafi ba.

Salatin Iya ya cika siton. Mahdi ya durƙusa a gefenta, ya miƙa hannu, ya kasa taɓa ta ya kasa janyewa.

"Motsa ƙafarki. Haulatu, don Allah motsa ƙafarki in gani."

Ta motsa. Ta tashi zaune a hankali. Fatar gindin yatsunta ta ɗaye ta naɗe gefe, jini na bin hodar yana gangarowa zuwa gwiwar hannu. A sama, jan shatin hannunta na kan sandar.

Ba hannun daman ta tsaya kallo ba. Na hagun ta ɗaga ta ƙura wa ido, mai kantar, mai munin, wanda ya riƙe ta.

"Da an yi shi jiya," ta ce, "da yanzu gawata kuke ɗauka."

Ta ƙofar siton rana ta riga ta ɗaga, hantsi ya kusa.

* * *

Mahdi ne ya kai ta a babur ɗin haya, shi a wani ita a wani. Ya tsaya a zauren gidansu, don ɗakin gyaran amare ba wurin maza ba ne.

Tasar na nan an riga an ajiye, ruwan na tururi. Ga lemon tsami, ga dutsen, ga reza a takardarta. Hajiya Kubura na zaune a ƙasa, ta naɗe hannun riga tana jira. Ta amsa gaisuwar da fara'ar da yaran ɗakin ba su saba gani ba.

"Kawo na jiyan in ga yadda ya kwana."

Haulatu ta miƙa. Hajiya ta fara warware ƙyallen, sai ta ga ba nata ba ne, bandeji ne, kuma ya jiƙe. Ta ƙarasa warwarewa.

"Mene ne wannan?"

"Sandar ta je ta hau, Gwaggo," Fadila ta yi caraf. "Kin ɓata yininki a kanta, ko kwana ɗaya ba ta iya bari ba. In ba raini ba, me ake kiran wannan?"

Hajiya ba ta kalli Fadila ba. Raunin take kallo. Ta taɓa gefen fatar da ta ɗaye da ɗan yatsa, ta bi layin daidai inda rezarta ta bi jiya.

"Tun ina budurwa nake wannan sana'a," ta ce. "Ban taɓa mayar wa uwa da 'yarta da tabo ba." Ta saki hannun. Ta ɗauki dutsen. "Za a yi maganinsa. Miƙo na hagun."

Haulatu ta kalli tasar. Ta tuna fuskar Iya a bakin murhu. Ta tuna Mahdi da ke tsaye bayan bangon nan. Ta tuna kalmar jiya, kin samu uwa. Duk ga su a cikin tasar nan, hannu kawai za ta tsoma ta ɗauka.

Ta mayar da hannun bayanta.

"A'a, Hajiya."

Wata daga cikin yaran ta saki ludayin dilka. Fadila ta dafe ƙirji.

"Me kika ce?"

"Ki yafe min." Hawaye na zuba, amma ta ɗago kai ta dubi Hajiya a ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Jiya ya kamata in yi magana, kunya ta hana ni. Kantar nan ba rashin gata ba ne, Hajiya. Da ita nake riƙe sanda. Yau da safe wanda kika gyara ya sake ni ina sama. Wannan mummunan shi ya riƙe ni, da ba don shi ba da yanzu zaman makokina ake. Na san alheri kika nufe ni da shi. Wallahi tun da uwata ta rasu babu wanda ya ɗora hannuna a cinyarsa sai ke. Ina son ɗanki, ina son in zama 'yarki. Amma ba zan ba ki wannan hannun ba."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Kin san ba a taɓa ce min a'a a ɗakin nan ba?"

"Na sani."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani, Hajiya."

Hajiya ta miƙa hannu ta bayanta ta kamo wuyan hannun hagun, ta jawo shi gabanta da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba. Haulatu ta runtse ido. Ta ji babban yatsan Hajiya na bin kantar, tudu bayan tudu, a hankali, ba irin shafar jiya ba.

"Wa ya san amfanin abin nan a gidan nan?"

Yaran ɗakin suka sunkuyar da kai.

"Tambaya nake. Yarinya, wa kika taɓa gaya wa?"

Haulatu ba ta buɗe baki ba. Ba ta ma buƙata, don Fadila ta riga ta fara ja da baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Gwaggo, bari in je in kira Yaya Mahdi ya—"

"Zauna. Kin kai saƙon da ya isa."

Hajiya ta dubi dutsen da ke hannunta na dama. Ta dubi hannun da ke riƙe a na hagu. Haulatu ta kasa karanta komai a fuskarta, ko fushi ne, ko kunya, ko duka biyun. Kora ce za ta biyo baya? A gaban ɗanta take so ta yanke maganar, don kada a sake tayar da ita?

Dutsen ya faɗa cikin tasar, ruwan ya fantsamo musu a zane. Hajiya ba ta saki hannun ba. Ta juya fuskarta wajen ƙofa, ta buɗe baki, ta rufe, kamar kalmar ta yi mata nauyi a harshe. Sannan ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Mahdi!"

A zaure, bai motsa ba. Ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman mai kiran, domin tun da aka haife shi bai taɓa jin yadda sunansa yake a muryar uwarsa ba.

"Mahdi, da kai nake. Shigo."

Haulatu ta ji ƙarar takalmansa na tahowa ta tsakar gida, jininta na ɗiga a tabarmar Hajiya, hannunta na hagu har yanzu a cikin nata.